Numfashin da Yaya Ya Yanke

Tsinke ake ce mata tun tana ƙarama, kuma har ta girma jikin bai ƙaryata sunan ba. Guga take yi a wani shagon wanki da guga na bakin titi, a tsaye tun safe har la'asar, tururi na dukan fuskarta. A nan ta tsara waƙar da ta fito da ita, waƙar hip hop a kan masu wuni a tsaye don wasu su fita fes. Yayanta ne ya ɗauki muryar a ɗakinsa na bayan gida, wanda ya liƙe bangonsa da tsofaffin katifu ya raɗa masa suna situdiyo. Kada ka kuskura ka kira shi ɗaki a gabansa.

Waƙar ba ta cika minti guda ba. Yaya ya ce haka ake yi yanzu, mutane da babban yatsa suke sauraro, in ba ka kama su da wuri ba sun wuce. Ta kuwa kama su. Duk wayar da ka bi ta kusa da ita sai ka ji layin nan da ya zauna a bakin kowa: “Ni na goge rigar da kake min taƙama da ita.” Har masu kawo wanki suka fara leƙen bayan kanta suna murmushin rashin gaskiya.

Sai ga gayyata daga gidan rediyo. Shirin safe ne, kuma sharaɗinsa ɗaya: a sa maka kiɗa zalla, ka rera da bakinka kai tsaye, duniya na ji. Tsinke ta amsa kafin ma mai shirin ya rufe baki.

Da yamma ta shiga situdiyo don gwaji. Yaya ya saki kiɗan, ta ɗauka da ƙarfinta, ta kai tsakiya, sai murya ta maƙale. Ta sha ruwa ta sake. A daidai wurin dai numfashi ya ƙare, idonta ya kawo ruwa, ta dafa katifa tana haki.

“Me ya same ni? Waƙata ce fa.”

Yaya ya sosa ƙeya, ya juyo mata da kwamfutar. “Ba ke ba ce. Zo ki gani.”

Ashe layi-layi suka ɗauki waƙar. Ta faɗi ɗaya ya tsayar, ta huta, ta faɗi na gaba. Da ta tafi sai ya bi ya yanke duk inda ta ja numfashi, ya matse layukan suka manne da juna. Shi kuwa layin rigar, daga baya ya zo mata, sai Yaya ya cusa shi a ɗan sararin da ya rage a tsakiya. Kansa ya hau wutsiyar layin da ya gabace shi, ƙarshensa ya danne farkon na bayansa. A wurin nan Tsinke biyu ke magana lokaci guda, ba wanda ya lura, har ita mai waƙar.

“Wato ba ɗan Adam ɗin da zai iya rera wannan.”

“Ba a yi ta don a rera ba, an yi ta don a ji.” Ya gyara zama, ya koma muryarsa ta masana. “Ki kwantar da hankalinki. Zan haɗa miki kiɗa da muryarki a ƙasa-ƙasa, in kin zo wurin ki motsa baki kawai. Kowa haka yake yi. Nan gaba kaɗan ma ba za a nemi huhun kowa ba, ki rubuta, inji ya faɗa da muryarki kina kwance.”

“In ya faɗa, sai a tafa wa wa?”

“Ke dai kin cika gardama.”

“Yaya, an ce da bakina.”

“Wa zai sani?”

“Ni.”

Ya ce to ta je ta kunyata kanta, shi ba ya zuwa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, don tun da ta fara haɗa kalmomi shi kaɗai ne a gidan bai taɓa yi mata dariya ba. Amma ba ta roƙe shi ba. Ta karɓi kiɗan zalla a wayarta ta fice.

Kwanakin da suka rage ta ba kanta wahalar da ba wanda ya aike ta. Ta hau benen shagon da gudu tana rerawa, ta rera tana ɗauke da ƙullin zannuwan gado, har abokan aikinta suka fara tambayar ko lafiya. Numfashinta ya ƙaru, gaskiya ne. Sai dai ko ka yi huhun doki ba ka faɗin magana biyu da baki ɗaya. Dole wani abu ya fita daga waƙar.

Zaɓin a fili yake. In za ta riƙe layin rigar, sai ta zubar da biyun da ya hau kansu. Su kuwa biyun nan a kan Inna suke, mahaifiyarsu, wadda ta yi shekaru tana goge dakalin asibiti har ƙafafunta suka kumbura takalmi ya daina shiga. Ba wanda ke maimaita su a titi. Amma saboda su ta fara rubuta waƙar, sauran duk daga baya suka biyo. Ta ajiye dutsen guga, ta rera su a hankali, ta bar sararin da ke tsakaninsu fanko. A nan ta ja numfashi, ta ga ta kai ƙarshe da saura.

Ranar shirin ta je ita kaɗai. Ɗakin sanyi ƙalau, ga makirufo ya kusa girman kanta. Mai shirin, wani mai ƙaton ciki da murya kamar an shafa mata mai, ya yi mata kirari ya ɗaga hannu, kiɗa ya tashi.

Ta shiga. Ta rera har ta kai tsakiya. Ta faɗi layin Inna na farko, sai ta yi shiru, ta ja iska mai ƙarfi har makirufo ya ɗauka, duk mai rediyo a kunne ya ji. Mai shirin, da ya riga ya buɗe baki zai taya ta layin rigar, ya tsaya da bakin a buɗe. Ta faɗi na biyun, ta zarce, ta dire a kan bugun ƙarshe.

“Ƙanwata, kin tsallake wanda muke jira,” in ji shi.

“Na tsallake, yallaɓai. Ba wurinsa ba ne. Wurin numfashina ne aka ba shi aro.”

Aka buɗe layin waya. Wani ya ce ta manta waƙarta. Wata ta ce an cuce su, ita don layin nan ta kunna rediyo. Wani dattijo ya ce shi sai yau ya ji ashe akwai maganar uwa a ciki. Tsinke ta saurare su duka, masu zafin sun fi yawa, kuma sun yi mata ciwo. Ba ta ba kowa haƙuri ba.

Da ta koma gida ta tarar da Inna a tsakar gida, ƙafafu a kan kujera, rediyo a cinya. Inna ta kashe rediyon. Ta dube ta da jajayen idanu ta ce, “Yayanki na nemanki.”

Yana zaune gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya. Ya riga ya kafa makirufo, ya sauke shi daidai tsayinta.

“Sun zage ki,” ya ce, bai juyo ba.

“Na ji.”

“In muka sake ɗauka yadda kika yi, rabinsu za su gudu.”

“Su gudu. Zan samar wa rigar wuri a baiti na biyu.”

“Waƙar ba ta da baiti na biyu.”

“Za ta yi.”

Ya yi tsaki, irin na wanda aka fi ƙarfinsa kuma bai ji haushi ba. “To shiga. Daga farko har ƙarshe, ba tsayawa. In kin yi kuskure, mu koma farko.”

Ta tsaya gaban makirufo, kiɗa ya tashi. Ta wuce tsakiya lafiya, sai dab da ƙarshe harshenta ya harɗe. Hannun Yaya ya kai kan madannin da ya saba yanka da shi, don kuskuren kalma ɗaya ce, gyaranta ba ya ɗaukar komai.

“Ɗauke hannunka, Yaya,” ta ce. “Mayar da kiɗan farko.”