Ranar da Kawu Khuê Ya Karɓi Makirufo

Shekarar da ambaliya ta cinye ƙauyukan Quảng Trị, can ƙasarmu ta asali, mu da muke zaune a ƙetare, a unguwar Footscray, muka shirya walimar rana a zauren haikali don tara taimako. Ni aka ɗora wa tarbar baƙi. Mata sun dafa phở, romon taliyarmu na gida, tukunya-tukunya, zaure ya cika maƙil, sai ga waya daga mawaƙiyar da muka gayyato daga Sydney: mura ta kama ta, ko magana da ƙyar take yi.

Mutane suka ci suka yi nak. Teburin taimako kuwa ko kallonsa ba a yi. Wasu har sun fara laluben makullin mota.

Nan Kawu Khuê ya miƙe. Tsohon mai gasa burodi ne, haifaffen Quảng Trị, tun da labarin ruwan ya zo bai ci abincin kirki ba. Matarsa, Goggo Diễm, ta cafke gefen rigarsa.

"Tsoho, don girman kakanninka, rufa mana asiri ka zauna."

Ya fizge rigarsa, ya hau dandamali, ya ɗauki makirufo, ya rufe ido ya fara wata tsohuwar waƙar garinsu. Ni dai ban taɓa jin irinta ba, kamar ana jan tebur a kan siminti. Wani jariri ya tsandara kuka. Babban malamin haikali ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa da sauri.

Kawu Tiệp mai kifi, abokin dararsa, ya yi ihu daga baya: "Khuê! Na ɗauki nauyin buhu biyar na shinkafa, ka yi shiru!"

Zaure ya kwashe da dariya. Kawu Khuê ya tsaya cak, kunnuwansa suka yi ja. Na zaci kuka zai yi. Sai ya dubi jama'a, ya gyara tsayuwa.

"Biyar kacal? Ashe kunnenka araha ne haka, Tiệp? Ko rabin waƙar ban yi ba."

Ya sauko da makirufo a hannu, ya je ya tsaya a kan Kawu Tiệp ya ci gaba, har sai da buhunan suka ninka. Daga nan ya bi tebur-tebur. Likitar haƙori ta yi alkawarin magunguna tun bai buɗe baki ba. Masu shagon yadi suka ce za su ba da barguna. Goggo Diễm da ke ɓoye fuska ɗazu ta taso ta shiga gabansa tana nuni.

"Tsoho, ga masu gyaran farce can, tun ɗazu suke cin abinci ba su ba da ko allura ba. Ɗaga murya!"

Wata daga cikinsu ta ce, "Goggo, ke fa me za ki bayar?"

"Ni? Tun ina amarya nake shan wannan muryar. Na gama biyan nawa."

A teburin ƙarshe akwai Kaka Ngát, tsohuwa tukuf, kunnenta ya yi nauyi. Ta riƙe hannunsa, idonta taf da hawaye, ta ce mahaifiyarta takan yi wannan waƙar in tana shuka. Ta roƙe shi ya ƙarasa. Ya durƙusa kusa da kunnenta ya ƙarasa mata. Muryar ba ta gyaru ba ko kaɗan, amma wannan karon babu wanda ya yi dariya.

Washegari aka loda barguna da magunguna a motar kifin Kawu Tiệp don kaiwa wurin masu aika kaya. Kawu Khuê ya ce dole ya raka, ya haye gidan gaba. Da yamma na ga Kawu Tiệp a kasuwa ya ɗaure kai da tawul.

"Lafiya, Kawu?"

"Ina fa lafiya! Ashe ya san wasu waƙoƙin. Kafin mu kai gada na yi alkawarin kwale-kwale."