Injin da Ke Shafi na Tara

Yana cikin shafa gam a bayan wani hoto, Auta ta faɗo ɗakin da waya a hannu, har tana tuntuɓe da ƙafar kujera.

"Baba, mutum ɗari biyu da sha ɗaya sun gani."

Bai ɗago ba sai da ya danne hoton da tafin hannu ya tabbata ya kama. Shekara talatin ya yi yana gyaran injuna a wata babbar maɗaba'a kafin a rufe ta, kuma duk injin da ya taɓa sai ya ɗauki hotonsa. Da ya dawo gida ya zauna, sai ya sayi ƙaton littafi yana manna hotunan, yana rubuta bayani a ƙasa da jan biro: ranar da aka kawo injin, ciwon da ya fi damunsa, da wanda ya taɓa cije wa yatsa. Jiya Auta ta ɗauki hoton shafuka goma ta saka a wani zaure na waya, inda masu saƙa da masu kiwon tantabara da masu tara tsofaffin agogo ke nuna wa juna abin da suke yi don nishaɗi.

"Me suka ce?" ya tambaya, yana yi kamar bai damu ba.

"Wani ya ce rubutunka ya fi na malamin makaranta kyau. Wata ta ce babanta ma irin aikin ya yi." Ta ja allon da yatsa, sai ta dakata. "Ga wata kuma da dogon saƙo. Ta ce injin da ke shafi na tara yana wurinta. Ta saye shi a gwanjo lokacin da aka rufe maɗaba'arku."

Ya ajiye kwalbar gam ba tare da ya rufe ta ba. "Karanta mini duka."

Matar tana da ƙaramar maɗaba'a a can ƙarshen gari. Kwana goma sha biyu ke nan injin yana cukuikuye takarda. Makanikai uku sun duba sun tafi. Ta karɓi aikin littattafan rubutu na makarantu biyar, saura mako ɗaya a koma makaranta, ma'aikatanta shida kuma suna zaune suna kallon juna. Roƙonta ɗaya: a sake ɗauko mata hoton nan na cikin littafin da ya nuna gefen injin, kusa-kusa.

"Hoto?" Tsohon ya miƙe tsaye. "Ce mata ta turo kwatance."

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Maigida, ina zuwa? Ko karyawa ba ka yi ba."

"Koriya ce," ya ce yana neman hularsa, alhali tana kansa. Sunan da ya raɗa wa injin ke nan saboda koren fentinsa. "Koriyata tana nan da ranta."

"To, a gaida ta. Shekara talatin ina jin labarinta, ko sau ɗaya ba ta aiko mini da gaisuwa ba."

A cikin bas ya rungume littafin a ƙirji. Kafin a kai tasha ta uku ya buɗe wa mutumin da ke gefensa, yana nuna masa yadda takarda ke shiga ta nan ta fita ta can. Mutumin ya sauka yana gyaɗa kai, wata mata ta maye gurbinsa, aka faro bayani daga farko.

Tun daga bakin ƙofa ƙamshin tawada ya tare shi. Mai maɗaba'ar ta fito da sauri tana goge hannu da tsumma, mace mai matsakaicin shekaru, idanunta duk gajiya.

"Baba, da kanka? Ai da na san haka ne da na zo na ɗauke ka."

Bai ji ta sosai ba. Injin yana tsakiyar shagon, koren fentinsa ya koɗe, an ɗaure masa wata waya a inda hannu ya karye. Ya zagaya shi sau biyu yana shafawa, kamar mai duba doki a kasuwa.

"Kunna ta, 'yata."

Aka kunna. Takarda ta shiga, ta yi rabi, ta tattare. Ya sa aka sake har sau uku, kunnensa dab da ƙarfen. Sannan ya buɗe littafin a kan tebur, ya sa tabarau, yana duban hoton yana duban injin.

"Zo ki gani. Wannan sifirin ɗin, naɗaɗɗen ƙarfen nan, ina ƙugiyarsa take kallo a hoto?"

"Sama."

"A jikin injin fa?"

Ta sunkuya ta leƙa, ta daɗe. "Ƙasa," ta ce a hankali. "Wanda ya wanke mini shi ne ya kwance wurin."

Ya karɓi sifana ya ɗora a kan noti. Ya zo murɗawa, yatsun suka kasa riƙe ta. Ya gyara tsayuwa ya sake, sifanar ta zame ta faɗi ƙasa da ƙara. Ma'aikatan suka kawar da ido. Ya tsaya yana kallon yatsunsa, kamar na wani aka ara masa.

Matar ta ɗauki sifanar. "Baba, kai ne ido, ni ce hannu. Faɗa mini."

Ya ja numfashi. "Hagu. A hankali, ba ta son gaggawa. Rabi kawai. Yauwa, tsaya nan."

Kusan awa guda suka yi a haka, yana faɗa tana juyawa, baƙin mai har gwiwar hannunta. Da aka kunna, takardar farko ta fito sumul, layukanta a miƙe. Ta biyu ta biyo, ta uku, sai injin ya kama wannan kiɗan nasa, tas-tas-tas, har tagogi na amsawa. Wani ma'aikaci ya ɗaga takarda sama yana rawa da ita. Matar ta zauna a kan dilar takarda tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Auta ce.

"Baba, 'yan zaure sun hana ni sakat. Kowa hoto yake jira. Ka ɗauka?"

Ya dubi hannuwansa, baƙi wuluk. Ko tunawa bai yi ba.

"Ce musu su yi haƙuri," ya ce, yana karkata kunne wajen injin. "Akwai wata 'yar ƙara a baya da ba ta yi mini ba. Kuma ki gaya wa mamanki kada ta jira ni da abinci."