Daga Guangzhou Zuwa Gwiwa

A majalisarmu ta bakin tasha a Kazaure, in ana maganar jirgin sama, kowa shiru yake yi ya bar wa Mamuda. Bai taɓa shiga jirgi ba fa, ko na wasan yara. Amma tambaye shi Jidda zuwa Kano, zai ba ka awa da kilomita, har ya haɗa maka da tsawa.

Da ciwon Innarsu ya tsananta can gida a garin Gwiwa, ƙanwarsa Tasalla ta kira shi, ta kira ƙaninsu Musaddiƙ da ke saro kayan waya a Guangzhou ta ƙasar Sin. Musaddiƙ ya watsar da kaya ya nemi tikiti. Mamuda kuwa ya gyara zama a benci.

"Kun ga illar nisa," in ji shi. "Kilomita dubu goma sha ɗaya! Sai ya sauka Addis Ababa, ya yi jira, ya sake hawa. Ni da nake nan kusa, ko yanzu na tayar da babur na isa."

Na ce, "To tayar mana."

"Kai ba ka san tsari ba. In ya sauka Kano dole ta nan zai biyo, sai mu shiga gida tare a mota."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin nan so yake a gan shi yana fitowa daga motar filin jirgi, shi ke nan.

Washegari ya zo da wayarsa, ga wani ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira, wai shi ne jirgin Musaddiƙ. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nunawa: ga shi ya wuce Indiya, ga shi a kan teku. Tasalla ta kira, ya ce yana tafe. Ta sake kira, ya katse, wai tana rufe masa taswira.

Sai ana la'asar labari ya iso mana cewa Inna ta cika tun azahar. Jirgin bai ma bar Addis Ababa ba.

Ni na ɗauke shi a babur. Ta Roni muka bi, ko zufa ban yi ba muka isa. Mun tarar har an dawo daga maƙabarta.

Tasalla ta fito zaure, idonta jawur.

"Ta bar saƙo?" in ji Mamuda.

"Ta ce a gaya wa Musaddiƙ kada ya damu, ta san hanyarsa da nisa."

"Ni fa?"

"Kai ba ta bar maka komai ba, Yaya. Tun jiya ta ɗauka kana nan zaure kana karɓar masu dubiya. Har cewa ta yi a miƙo maka fura, ka sha wahala."