Larabar da Yaya Hambali Ya Zaɓa

Shetu tana tsaye a kasuwar Woolwich da ledar albasa da attarugu a hannu Amamata ta tare ta, ta gaya mata mahaifiyarta tana Landan.

Amamata 'yar Gana ce daga zangon Kumasi, tana aikin girki da shara a gidajen manyan mutanen Arewa da ke Marylebone. Ta ce wani Alhaji Hambali na Jos ya zo da tsohuwarsa Hajjo tun farkon Disamba, za a yi mata aikin ido, kuma ita ke dafa musu abinci. Ba wanda ya gaya mata komai, fuska kawai ta gani.

"Wallahi tsohuwan ya yi kama da kai, har wushirya," in ji ta da Hausarta ta zango.

Rabon Shetu da uwarta tun aurenta da Dung. A Jos suka haɗu, ita tana koyon aikin jinya, shi yana tuƙa motar asibiti. Shi Birom ne kuma Kirista. Mahaifinta ya riga ya rasu, don haka babban wanta Hambali ne ya tsaya a matsayin uba, ya ce idan ta aure shi to ta nemi wasu dangin. Ta aure shi, suka taho Landan suka samu flat na council, gidan hayar gwamnati, a Plumstead. Dung yana tuƙa bas, ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ba ta taɓa barin salla ba, shi ma bai taɓa cewa ta bari ba. Da suka haifi 'ya suka sa mata Maryamu, sunan da kowane ɓangare zai iya kira, suna ce mata Mero. A gidan su Shetu ba wanda ya taɓa kiran sunan.

Amamata ta ba ta lambar wayar gidan. Da yamma Shetu ta buga, matar Hambali, Hajiya Hadizatu, ta ɗauka. Ta amsa gaisuwa sama-sama, ta ce Alhaji ba ya nan, Inna kuma tana hutawa, amma za ta isar da saƙo.

Disamba kuwa ba ta jira kowa ba. Dung ne kaɗai namiji a danginsu da ke Landan, don haka a gidansa ake cin abincin Kirsimeti. Yayarsa Kachollom kan zo daga Dagenham da mijinta da 'ya'yanta, su kwana a falo, bayan an taso daga coci kuma a taho da duk wani ɗan Filato da ba shi da inda zai ci. A shekarar farko Shetu ta ɗauki girkin da kanta, don kada a ce Dung ya auro musulma ta kashe masa Kirsimeti. Daga nan ya zama nata, ba a ma ƙara tambayarta ba.

Ta sauke labule ta wanke. Ta goge tanda, ta zare ƙanƙarar da ta toshe firji don a samu wurin nama. Ta hau bas zuwa Deptford neman akuya da ƙafar saniya, ta dawo kafaɗa na ciwo. Ta soya cincin ta cika bokiti, Kachollom ta biyo ta ɗanɗana, ta ce sukari ya yi kaɗan, matan zumunta na coci ma suna son nasu. Shetu ta sake kwaɓa fulawa. Mero za ta fito a mala'ika a wasan makaranta, sai ta yanka tsohon zanen gado ta ɗinka mata riga. Tsakanin wannan duka tana zuwa aiki, tana juya tsofaffin Turawa a gado, tana ba su shayi a baki, tana tunanin wa ke ba tata tsohuwar. Duk sanda waya ta yi ƙara sai ta bar abin da take yi ta ruga, ta tarar Kachollom ce tana tambayar an sayi talo-talo ko ba a saya ba.

Ta sake bugawa Marylebone, aka ce an tafi asibiti. Ta kuma bugawa, aka ce an yi aikin lafiya, Inna tana barci. Har ta yi tunanin ta je kawai ta ƙwanƙwasa, amma Amamata ta roƙe ta kada ta yi, don za a gane wa ya kai labarin, aikinta ya tafi.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti Hambali ya bugo da kansa. Shetu ta gane muryar tun daga sallama, ta samu kanta a durƙushe a kan kafet kamar yana gabanta. Bai tambayi lafiyar kowa ba. Ya ce Inna ta ji labari ta matsa, don haka ta zo ranar Laraba da azahar.

"Yaya, Laraba ai ranar Kirsimeti ce. Babu jirgin tube, babu bas."

"Ni Laraba na sani," ya ce. "Kuma ke kaɗai."

Da Dung ya dawo daga aiki ta gaya masa. Ya zauna yana kwance igiyar takalmi. Ya ce da gangan Hambali ya zaɓi ranar, yana so ya ga wa za ta bari. Ta ce ta sani. Ya ce mutanen da ba sa son ganin Mero, ban da shi kansa, su ne za ta bar gida cike da baƙi ta je wurinsu? Ta ce uwarta ce. Daga baya ya ce zai yi wa mijin Kachollom magana ya kai ta a motarsa.

Bai yi maganar ba. Ranar jajibiri su Kachollom suka iso da jakunkuna da katifar soso, gida ya cika da hayaniyar yara, Shetu tana jiran Dung ya buɗe baki, shi kuwa yana ta gyaran fitilun bishiyar Kirsimeti. A ƙarshe ita ta faɗa a kicin. Kachollom ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji, ta ce motar za ta yi jigilar mutane daga coci, kuma wa zai zuba wa baƙi abinci? Ta ce ba ta hana kowa ganin uwarsa ba, amma shekara guda ake jiran ranar nan, su kuma waɗancan mutanen sun yi shekaru ba su neme ta ba, kwana ɗaya ba zai kashe su ba.

Shetu ta fice daga kicin. Ta je ta buga wa Amamata, wadda mijinta Inusah ke tuƙa tasin minicab kuma ba ya hutun Kirsimeti. Aka ce zai zo, amma sai ya gama da waɗanda suka riga suka yi booking.

Da asuba ta yi salla a lungun ɗakin kwana, ta tsallake yaran da ke barci a ƙasa ta shiga kicin. Ta sa talo-talo a tanda, ta ɗora shinkafa da farfesu. A gefe ta fito da tsohuwar tandar waina da ta zo da ita daga Jos, ta soya waina da ƙullun da ta ɓoye a bayan tukwane, irin mai ɗan tsami da Hajjo ke so. Ta jera ta a kwano ta ɗaure da ɗankwali. Mero ta shigo da rigar barci ta tambaye ta da Turanci ko za ta bi ta ta ga kakarta. Shetu ta ce mata wani lokaci, yau kaka ba ta da lafiya.

Aka tafi coci, aka dawo da mutane fiye da na bara. Ta zuba, ta ƙara, ta yanka nama, ta nemo cokula a wurin maƙwabta. Azahar ta wuce tana tsaye. Da Inusah ya danna hon a waje ba ta ko samu sauya zane ba, mayafi kawai ta yafa a kan kayan girkin. Dung ya rako ta bakin ƙofa, ya ce ta gaida tsohuwa, yana kallon ƙasa.

Titunan Landan babu kowa, shaguna duk a rufe. Inusah ya yi ta hira a kan yadda ranar ke da kyau ga masu mota, ita tana riƙe da kwano a cinya.

Hajiya Hadizatu ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi kwanon, ta dubi zanen da mai ya ɗiga, ta karɓa ta ce za a ajiye a kicin. Hambali yana zaune a falo da jarida, ya yi furfura, ya yi ƙiba. Ya ce da azahar aka ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi ta ba da haƙuri. Ya tashi ya shige gaba zuwa ɗaki, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Hajjo tana kan gado an jingina ta da matasai, ta ƙanƙance ƙwarai. Idon da aka yi wa aiki yana rufe da auduga da filasta, ɗayan kuma yanar ido ta rufe shi fari fat, inuwa kawai yake gani.

"Inna," Shetu ta ce.

"Auta ce?"

Tsohuwar ta miƙo hannu, Shetu ta kai fuskarta. Yatsun suka bi goshi da kumatu da haɓa, suka tsaya a wuya suna laluben wani abu. Shetu ta gane sarƙar gicciye ake nema.

"An ce min kin koma coci."

"Ban koma ba, Inna. Ko yau na yi asuba."

Hajjo ta juya kai wajen da Hambali yake zaune, ko da yake ba ta ganinsa. Ya ci gaba da duba jaridarsa. Ta ce to, Allah ya sa haka. Ta riƙe hannun Shetu tana murzawa, ta ce hannun ya yi kaushi, wane aiki take yi haka? Ta ce tana ƙamshin hayaƙin nama. Shetu ta ba ta labarin aikinta, ta tambayi mutanen unguwa, aka lissafa mata waɗanda suka rasu. Sai ta ce tana da 'ya, sunanta Maryamu, ta fara girma.

Hannun tsohuwar ya tsaya. Ta ce ba wanda ya gaya mata. Ta tambaya me ya sa ba a zo da ita ba. Shetu ta dubi wanta, ya naɗe jaridarsa ya ce likita ya hana yawan magana, Inna ta kwanta.

Hajjo ta ce idan an kwance mata ido Auta ta dawo da yarinyar ta gan su. Shetu ta ce za ta dawo. Ta so ta ce akwai waina a kicin, amma Hambali ya riga ya miƙe yana riƙe da ƙofa. A falo Hajiya Hadizatu ta miƙo mata kwanon a ɗaure yadda ta kawo shi, ta ce sun gode, amma su ba sa cin abincin wannan ranar.

A mota ta ba Inusah wainar ya kai wa yaransa.

Da ta isa Plumstead ana ta kiɗa, an ture kujeru ana rawa. Dung ya yi barci a kujera da hular takarda a kansa. Kachollom ta tare ta a ƙofar kicin ta ce shinkafa ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, har wani dattijon coci ya tashi da farfesu kaɗai, ita dai ta ji kunya. Kwanuka sun cika wurin wanke-wanke, wasu an jera su a ƙasa, ba wanda ya taɓa ko cokali. Shetu ta cire mayafi ta kunna ruwan zafi. Can Dung ya farka ya leƙo, ya tambayi jikin tsohuwa. Ta ce da sauƙi. Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara magana, aka kira shi daga falo ya tafi.

Bayan sabuwar shekara ta buga Marylebone, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Amamata ce ta gaya mata an kwance idon, tsohuwa ta gani sarai har tana zura zare a allura, kuma ta yi ta tambayar Auta. Washegari Alhaji ya kwashe kowa suka koma Najeriya, ɗaya idon a can za a duba shi.

Hajjo ta rasu da damina. Wata 'yar Jos da suke aiki tare ce ta yi wa Shetu gaisuwa a ɗakin shan shayi, tana zaton ta riga ta ji.

Da Disamba ta sake zagayowa shugabar gidan tsofaffi ta nemi wanda zai yi aikin ranar Kirsimeti, Shetu ta ce ita za ta yi. Ta gaya wa Dung ranar da ya sauko da bishiya daga saman wardirob. Ya tambaya to wa zai yi girki, ta ce bai rasa 'yan'uwa ba. A Dagenham aka ci abincin shekarar, Kachollom ta gaya wa baƙi cewa dama ta san wata rana halin zai fito. Dung bai taɓa tambayar matarsa dalili ba. Tun daga nan kowace Kirsimeti Shetu takan yi wa Mero kitso tun jajibiri, ta goge mata riga, da safe ta sa kayan aiki ta taka da ƙafa zuwa gidan tsofaffi.