Sunan Ɗan Fari

Daren jiya mafarki ya kai ni wani gari inda ruwan sama ke tashi daga ƙasa ya nufi gajimare, mutane na tafiya suna kare haɓarsu da lema. Ban yi mamaki ba. Ina riƙe da hannun ɗan farina, wanda tun bayan sallar layya ya daina magana, sai kallon bango. Malamar makarantarsu ta riga ta ce in ban kai shi asibiti ba, hukuma za ta kai shi.

Sai ga mu a ofishin hukumar. Wani bunsuru ne a kan kujera, sanye da tabarau. Ni da na tsufa ina dillancin awaki a kara, kallo ɗaya na yi masa na san ba zai yi tsada ba. Ya buɗe mini baki ya duba haƙorana.

"Baba, ka kwana biyu," in ji shi. "Yaron nan a wurinmu zai zauna. Likitan ƙwaƙwalwa zai duba shi."

"Ranka ya daɗe, da izinin wa? Ni na yanka masa ragon suna. Rubutu yana sha, hayaƙi ana yi masa."

"Ya samu sauƙi?"

"Ba a yi wa Allah gaggawa."

"Mu ma ba mu san gaggawa ba," ya ce, yana tauna gefen tutar da ke kan teburinsa.

Sai ga mu a tsakiyar kasuwa. An ɗaura wa yaron igiya biyu, ɗaya a hannuna, ɗaya a bakin bunsurun. Muna ja, yaron na ƙara tsawo yana sirancewa, har na fara hango rumfar masu gishiri ta cikin ƙirjinsa. Wata tsohuwar tunkiya, ita ce alƙali, ta ce mu dakata.

"Kowa ya kira shi. Wanda ya amsa wa, shi ke da shi."

Bunsuru ya gyara murya. "Majinyaci!" Shiru. "Ɗan ƙasa!" Shiru.

Na yi dariya a raina, ciniki ya faɗo hannuna. Na ce, "Kai!" Shiru. "Wannan yaron!" Duk yaran kasuwa suka waiwayo, ban da shi.

"Da sunansa," in ji tunkiya.

"Hajiya, ɗan fari ne fa. Mu a gidanmu ba a kama sunan ɗan fari, kunya ce. Ubana har ya rasu bai kama nawa ba, kuma ga ni."

"Ga ka kuwa," ta ce.

Ruwa ya ƙara ƙarfi, ya fara ɗaga yaron sama. Igiyoyin suka zame mana, ni da bunsuru duka. Bunsurun ya cire tabarau ya dube ni.

"Baba, gado muna da shi, allura muna da ita. Ka sauko mana da shi tukuna, ma yi rigimar daga baya."

Yaron ya kai tsayin rimi. Ya leƙo ƙasa, kunnensa a karkace wajena, yana jira. Na buɗe baki, sunan ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Na samu na ce, "Lur..."

Ƙarar bokitin ƙarfe ce ta tashe ni, uwar yaron ta buge shi da bakin rijiya. Gari ya waye, ƙasa a bushe. Na ɗauki buta, na wuce ƙofar ɗakinsa, na dawo. Na ƙwanƙwasa.

"Lurwanu," na ce.