Doki Arba'in a Ƙofar Ɗakina

Tanderuna ya faɗa kogin Dijla da gurasa a cikinsa. Ina tsaye da kwaɓin gari a hannu na ji ƙasa ta yi nishi, gefen gaɓar ya ɓalle, tanderun ya karkata ya tafi da wutarsa, sai tururi kawai na gani. Jirgin ruwan Mizhir kuwa ya riga ya sha kwana, ko waiwaye babu.

Mizhir ɗan ƙanen mijina ne, marigayi Lafta. Ni na yanke masa cibiya. Tun da mutanen Bagadaza suka gano agwagin ruwa na sauka a tafkunan da ke gaba da mu in sanyi ya shigo, ya ajiye kamun kifi ya koma jigilar maharba. Wannan ba laifi ba ne, kowa da inda yake samun na tuwo. Laifin a injin yake. Da can ƙarami ne da shi, mai ƙarfin doki goma sha biyar, ya zo wucewa yana ƙut-ƙut-ƙut, ya ɗago hannu ya gaishe ni. Bana ya je birnin Amara ya dawo da mai doki arba'in, ya ɗaura a gindin jirgin nan nasa siriri. Hanci a sama, gindi a nutse, yana huɗa ruwa kamar garma. Ɗakina a kan kwanar kogi yake, inda zurfi ya raɓo gaɓa. Duk wucewarsa igiyar ruwa sai ta zo ta mari ƙasata, ta koma da wani abu a baki. Da asuba ya tafi, da hantsi ya dawo, da la'asar ya sake. Filin da nake shanya ya tafi, turken ɓaunar da nake kiwo ya tafi, yanzu tanderu. Abin da ya rage tsakanin kogi da bangon ɗakina bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba.

Na same shi a gida yana goge injin da tsumma, a hankali, kamar mai shafa wa amarya lalle.

"Kai Mizhir, ka cinye min tanderu."

"Ni kuma, Inna Nashmiya? Kogi ne. Kogi tun kaka da kakanni yake cin gaɓa."

"Kogin nan da ya rame, da ko kaza ba ta tsoronsa? Ka rage gudu in ka zo ɗakina, shi ke nan abin da na ce."

"In na rage mutuwa yake yi, Inna. Babban inji ba ya son rarrafe. Ga baƙi a ciki da bindigoginsu, in tsaya a gabansu ina jan igiyar tada inji ina gumi?"

"To ka bi ta hayin can."

"Can yashi ne. Ƙafar injin doguwa ce, farfela za ta tona ƙasa."

Ya shiga ɗaki ya fito da agwagi biyu ya miƙo min. Na ce a ina zan gasa su, a kan ƙeyarka? Na dai karɓa, ba don na huce ba.

Washegari na tafi zauren Shaihu Uraibi, shugaban ƙabilarmu. Namiji in ya zo da buƙata, za a zuba masa gahawa, ya ajiye kofin a ƙasa bai sha ba, kowa ya san ba zai sha ba sai an share masa hawaye. Ni mace ce, a bakin ƙofa na tsaya wajen takalma. Ba a ba ni kofin ba balle in ajiye. Daga nan na ɗaga murya na faɗi abin da ya kawo ni.

Shaihu ya yi min alkunya da sunan 'yata Sabriya ya ce, "Allah ya ƙara miki haƙuri, Ummu Sabriya. A kira Mizhir."

Aka kira shi. Shaihu ya tambaye shi doki nawa ne injin. Ya ce arba'in. Daga nan magana ta kuɓuce min.

Zugayyar makanike ya ajiye carbinsa ya ce, "Arba'in a wannan jirgin? Ai ka ɗora wa jaki sirdin raƙumi. Ashirin da biyar ya ishe ka."

Mizhir ya ce, "Ashirin da biyar da ƙattai huɗu a ciki? Ka ga tumbin mutanen Bagadaza kuwa? Ga akwatin ƙanƙara, ga harsashi, ga tukunyar gas ta shayi, kuma ruwa muke haurawa ba gangara ba. Kafin mu isa agwagin sun yi kalaci sun tashi."

Wani daga can ƙurya ya ce shi fa in da hali sittin zai saya, ran da aka saki ruwa daga madatsa za a san masu inji. Wani ya ce sittin shan mai ne da shi kamar surukin da ya zo kwana uku. Aka kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce su a zamaninsu da sanda suke tura jirgi, agwagwa ba ta jin komai sai ƙarar bindiga. Aka ce Baba ai a zamaninku agwagin kurame ne. Suka shiga doguwar ƙafa da gajeriyar ƙafa, wane inji ke shaƙe ciyawa, wane ke tashi da ja ɗaya in ana sanyi. Gahawa ta zaga, ta sake zagawa. Ƙafafuna suka yi tsami. Na tsuguna, na tashi, na jingina da ginshiƙin kara.

Da aka kira azahar suka fito suna laluben takalma a gabana. Shaihu ya gan ni ya ɗan razana.

"Af, Ummu Sabriya, kina nan? In sha Allahu za a duba."

Na koma sau da dama. Kullum in sha Allahu. 'Yata Sabriya ta zo daga Amara ta ce in tattara in bi ta, akwai ɗaki kusa da kicin. Na ce a ɗakin nan na haife ki, a nan aka yi wa ubanki wanka, ba zan tashi don wani yana son burge masu tumbi ba. Ta yi kuka ta tafi. Bayan tafiyarta bangon da ke fuskantar ruwa ya tsage daga ƙasa, tsagar da yatsa ke shiga.

A rataye a bayan ɗaki akwai tsohon tarun Lafta, ya ruɓe a wurare amma igiyarsa na nan da ƙarfinta. Da rana tsaka, lokacin da kowa ke barcin bayan abinci, na ɗaura masa duwatsu, na shiga ruwa har ƙirji, na shimfiɗa shi a bakin zurfin, na ɗaure bakinsa a gindin dabinon maƙwabta. Sanyin ruwan har cikin haƙorana. Na fito na zauna a ƙofar ɗaki ina jira. Ban ɓuya ba.

Da la'asar ya taho da gudunsa. Injin ya yi wani kuka kamar an shaƙe ɗan akuya, ya yi tari, ya yi shiru. Jirgin ya juya a hankali ya zo ya dungure da gaɓata. Baƙin suka riƙe huluna. Tun shigowar sanyi, ranar ce ta farko da Mizhir ya tsaya a ƙofata.

"Inna! Me na yi miki? Kin kashe ni!"

"Sannu da zuwa," na ce. "Ka ga bangon?"

Abin da na yi ta roƙo ban samu ba, farfela ta samo shi kafin rana ta faɗi. Shaihu da kansa ya zo, da Zugayyar, da rabin zauren, duk suka tsaya a 'yar ƙasar da ta rage min har na ji tsoron kada ta rufta da su. Zugayyar ya duba ya ce haƙoran cikin ƙafar injin sun kakkarye, gyaransa sai Basra can ƙasan kogi, gara a musanya da wani.

Shaihu ya ce, "Ummu Sabriya, wannan aikin bai dace da furfurarki ba. Da wani ya faɗa ruwa fa?"

"Da ni na faɗa da ɗakina fa, ranka ya daɗe? Ku duk a cikin jirgi kuke auna inji, fuskarku na gaba. Ba wanda ya taɓa ganin abin da yake bari a baya. Tunda wani zai saya, a zo nan a zaɓa. A tsaya inda nake tsaye."

Ya dubi tsagar, ya sa yatsa, ya cire. Ya ce to.

Ran Asabar aka aro injuna. Aka zuba buhunan sha'ir a jirgi a madadin mutanen Bagadaza, Zugayyar ya ce buhunan sun fi su hankali. Aka fara da na wani mai arba'in. Igiyar ruwan ta zo ta hau gaɓa ta jiƙa wa Shaihu alkyabba har ƙwauri, guntun ƙasa ya ɓalle a gefen takalminsa. Ya ja da baya. Aka ɗaura mai ashirin da biyar. Ruwan ya zo ya lashi ƙasa ya koma da laka kaɗan. Aka ɗaura mai goma sha biyar. Jirgin ya wuce yana nishi, ruwan ya iso kamar mai neman izini.

"Wannan," na ce.

Mizhir ya dafe kai. "Inna, don girman Allah. Da wannan ba wanda zai hau jirgina. Su Falih masu jigila na can ƙasa za su kwashe baƙin. Yara biyar gare ni, ke kika yi musu wanka."

Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ba ni haushi. Na dubi buhunan, na ga yadda jirgin ke ja da ƙyar a kan kwana kamar tsohuwa da tulu. Na so in ce ba ruwana. Bakina ya ƙi.

Shaihu ya yanke: ashirin da biyar, kuma daga dabinon maƙwabta zuwa bayan kwana a rage wuta. Matasa za su zo su kafa min turaku, su cusa kara da laka a gaban bango. Batun farfela a bar shi.

"Ƙasar da ta tafi fa?" na ce.

"Wadda ta tafi tana Basra yanzu, Ummu Sabriya. Wa zan aika ya ɗauko?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, amma na gaji da tsayuwa.

Sun zo sun kafa turakun, rabinsu a karkace, ni kuma na dafa musu shayi. Mizhir ya sayi mai ashirin da biyar. In shi kaɗai ne yana ragewa. In da baƙi, yana ragewa ne sai ya zo daidai ƙofata, bayan igiyar ta riga ta taso. Ta zo ta bugi turaku, ta tsotsi abin da ta samu a tsakaninsu, ta koma. Tana ci har yanzu, sai dai da ƙaramin cokali. Na cusa tsumma da laka a tsagar, na ja shimfiɗata zuwa jikin bangon baya.