Hannuwan Umma a Mega Goma Sha Shida

Sana'ata gyaran bidiyo. Shekara tara ke nan ina zaune a wani ɗan shago mai fanka ɗaya, ina yanke tarin liman da hammar ango, ina rage wa bidiyo nauyi don ya hau intanet. Idona rufe zan yi wannan aikin. Shi ya sa har yau abin da na yi wa bidiyon Umma yake ci mini rai.

Umma kurma ce, da maganar hannu ta raine mu, ni da Yayata. Kwana huɗu kafin ta rasu ta sa na jingina ta da filo a gadon asibiti, ta ce in ɗauke ta a bidiyo, tana da magana da Yaya. Shekara uku ba sa ga maciji, tun da Yaya ta sayar da keken ɗinkin Umma a bayan idonta, wai don ta huta, sannan aiki ya kai mijinta can nesa. Da aka yi rasuwar Yaya tana da tsohon ciki, likita ya hana ta tafiya.

Na kira ta na ce Umma ta yafe mata. Sai ta ce, "Auta, kai fa tun kana ƙarami gyara wa Umma magana kake yi. Ta zagi mai gidan haya, ka ce tana gaishe shi. Turo mini in gani da idona."

Gaskiya ta faɗa. Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ce.

Bidiyon minti shida ne, nauyinsa ya kusa giga biyu. Inda Yaya take kuwa, sai ta fita bakin tankin ruwa ta ɗaga waya sama kafin saƙo ya shigo, kuma duk abin da ya wuce mega goma sha shida a hanya yake mutuwa. To, na zauna na yi abin da hannuna ya saba. A wurinmu doka ɗaya ce: kare murya, kare fuska, sauran kuma a matse. Mutane suna yafe hoto mai hazo muddin suna jin magana. Na bar sauti da ƙarfinsa, na rage hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya daga talatin zuwa goma sha biyu, na tura. Ban ma sake kallo ba, don ba na iya kallon fuskarta a lokacin.

Washegari da hantsi Yaya ta kira tana kuka. Ta ce fuskar Umma fes, ƙarar fankar asibiti fes, har tarin matar gadon kusa tana ji, amma da Umma ta ɗaga hannu sai yatsun su narke su zama kamar an goga wa gilashi mai. Kalma ɗaya ba ta karanta ba. Har tambayata ta yi ko da gangan na yi don in ɓoye mata wani abu.

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da aka haifa a gidan kurma, na kare ƙarar fanka na zubar da maganar uwata.

Na rufe shagon daga ciki na sake ɗauko na asali. Sautin na fara cirewa gaba ɗaya. Na yanke bango, da labule, da ƙarfen ƙarin ruwa, na bar daga goshinta zuwa cinyarta, iyakar inda hannunta ke kaiwa. Na mayar da hotunan talatin ɗinsu, ko ɗaya ban taɓa ba. Har yanzu mega arba'in. Na cire launi, atamfarta mai ruwan ganye ta koma toka-toka, ya sauko ashirin da biyu. Na sa na'urar ta bi bidiyon sau biyu a hankali, ta tsuke inda Umma ke hutawa ta saki inda take magana.

Akwai minti ɗaya a farko da na daɗe ina kallo. A nan Umma ta haɗe rai, ta ce Yaya mai taurin kai ce, marar kunya, keken nan da shi ta ciyar da mu. Da na yanke shi, da nauyin ya faɗo daidai, kuma da Yaya ta huta. Har na ɗora alamar yanka a wurin. Sai na janye hannuna, na ƙara rage faɗin hoton kaɗan. Goma sha biyar da ɗigo takwas. Na kalla daga farko har ƙarshe, kowane yatsa a wurinsa yake. Na tura wa Yaya.

Sai bayan la'asar ta kira. Muryarta ta dishe.

"Auta, ashe zagina ta fara yi."

Na ce haka ne.

"Marar kunya ta ce. Sau biyu." Ta ja hanci, ta yi wata 'yar dariya. "To, yanzu na yarda ta yafe."